Sarauniyar Sukotlan 'Yar Yayata Ce

Tun da muka dawo daga Riyad ban huta ba. In na je gidan suna a ja ni gefe, in na shiga Islamiyya kafin malam ya iso an kewaye ni. Har mai kawo mini nono sai da ta sauke ƙwarya ta ce, "Malama Talatu, wai da gaske ne Hajiya Hajara ta tayar da ƙura a gaban Turawa?" Bakina ya gaji da maimaitawa. Kuma na lura duk wadda na ba labarin sai ta ƙara masa gishiri kafin ta kai gaba, har na ji ana cewa wai 'yan sanda ne suka fitar da mu. To ga shi na rubuta, kowa ya karanta a bar ni in sha iska.

Hajiya Hajara yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. 'Yarta ta fari, Saratu, ma'aikaciyar jinya ce a wani asibiti a Riyad, tana can da mijinta Nasiru, wanda yake injiniya, da 'yarsu guda. Gidanmu kuwa gidan alkunya ne na asali. Ana yaye Saratu aka kawo ta ɗakina ina amarya, ni na goya ta, ni na kai ta makaranta. Yaya ba ta taɓa kiran sunanta ba, ba ta taɓa kallonta ido cikin ido a gaban mutane ba. In za ta yi zancenta sai ta ce mini "'yarki". Ita ma Saratu "Yaya" take ce wa uwarta, yadda ta taso ta ji ina faɗa, ni kuma Yafendo. Ranar da ta gama makarantar jinya Yaya ce ta soya duk naman da aka ci, amma ba ta taka wurin taron ba. Ranar aurenta kuwa gidan maƙwabta ta je ta ɓuya har aka watse.

Wata Juma'a Saratu ta bugo mini waya. Ta ce akwai wata ƙungiya ta ma'aikata 'yan ƙasashe daban-daban da suke shirya wasan kwaikwayo duk shekara, bana kuma wani tsohon wasa za su yi a kan wata sarauniyar Sukotlan ta zamanin da, duk maganganunsa a waƙe suke, kuma ita aka ba sarauniyar. Na yi guɗa har kajina suka watse. Sai na ji muryarta ta sauka.

"Yafendo, na sa an ajiye kujeru biyu a layin gaba. Ba na neman ta yabe ni. Ta zo kawai, ta ɗaga kai ta kalle ni ko sau ɗaya ne. Na san al'ada ce, ban ce ba ta sona ba. Amma na girma, ni ma na haifa, kuma abin yana ci mini rai. In wannan karon ma ba ta kalle ni ba, na daina roƙo ke nan."

Na san 'yata. In ta ce ta daina, ta daina. Hankalina ya tashi ƙwarai.

Da na je wa Yaya da zancen tafiya ban ambaci wasa ba. Cewa na yi takwararta tana nemanta, don 'yar Saratu sunan Yaya aka sa mata, ana kiranta Ummi. Yaya ta gyara ɗankwali ta ce, "Ai don takwarata zan je. Ba don kowa ba."

Nasiru ya yi mana gargaɗi cewa ba a shiga ƙasar da goro. Yaya kuwa ita da goro sai Allah. Saboda haka daga Malumfashi har Kano ba ta rufe baki ba, wai gara ta ajiye shi a ciki inda ba mai bincikawa. Mun wuce Gwarzo kaɗan mota ta fara hayaƙi. Direba ya buɗe gaba, ya dafa ƙugu, ya juyo ya ce, "Hajiyoyi, a taimaka da ruwan sha." Duk ruwan ledar da muka yi guzuri motar ce ta shanye, mu muka ƙarasa da ƙishi.

A filin jirgi na'urar bincike ta nuna wani dogon abu a jakar hannun Yaya. Aka zazzage, sai ga muciya. Ma'aikaciyar ta ce ba a shiga jirgi da sanda. Yaya ta ce, "'Yar nan, ke a gidanku da sanda ake tuƙa tuwo?" Da ƙyar aka sasanta aka cusa ta cikin babbar jaka. Ni ban taɓa hawa jirgi ba, ita kuwa ta sauke farali shekarun baya, don haka ta mayar da ni ɗaliba. Ita ke nuna mini yadda ake ɗaura bel, alhali nata a murɗe yake. Da jirgi ya ɗaga na karanta duk addu'ar da na sani, har da ta shiga kasuwa.

Mun ya da zango a Addis Ababa, inda sanyi ya sa muka lulluɓa da bargon jirgi kamar masu jego. Aka kawo mana wani faffaɗan abinci mai ƙofofi kamar sinasir. Na yaga na kai baki da murna, tsami ya kama mini muƙamuƙi. Na ɗauka ya lalace ne, har na ɗaga hannu zan kira mai abincin, sai na ga mutanen ƙasar suna ta naɗe shi da miya suna lumshe ido. Na sauke hannuna a hankali.

Shigarmu Riyad kuwa lalle ne ya so ya hana mu. Wace mace ce za ta je ganin jika da farin hannu? Mun sha ƙunshi, yatsu sun yi baƙi wuluk. Aka ce Yaya ta ɗora yatsu a kan gilashin da ke ɗaukar zanen hannu, na'ura ta ƙi. Jami'in, wani saurayi mai haƙuri, ya miƙo mata tsumma mai ƙamshi ta goge, ya ce ta sake. Ta sake, ta ƙi. Layi ya taru a bayanmu. Yaya ta dube ni ta ce, "Ki gaya masa hannun nawa ne, tun daga gida na zo da shi." A ƙarshe dai ɗan yatsa guda ya yarda aka sake mu. Wurin duba kaya kuma wani ya buɗe ƙullin daddawa ya kai hanci. Ya ja da baya, idonsa ya kawo ruwa, ya tambaye ni da Larabci ko mene ne. Na yi masa alamar tukunya da ludayi. Bai ƙara taɓa komai ba, hannu kawai ya kaɗa mu wuce yana cewa, "Yalla, yalla."

Muna fitowa Saratu ta sheƙo ta rungume ni, muka yi ta kuka da dariya. Sannan ta durƙusa a gaban uwarta ta ce, "Yaya, sannu da hanya." Yaya ta ɗaga kai tana nazarin fitilun rufi, ta ce, "Yauwa. Ina takwarata?" Ta sure Ummi ta shiga juya ta, tana ce mata mummuna, tana sumbatar ta. Ummi na ba ta amsa da Larabci, don Hausarta ba ta wuce "ina kwana" da "ba na so" ba. Amma ni da na san Yaya, na ga inda idonta yake. Ta gilashin ƙofa take kallon Saratu, tun daga kai har ƙafa.

Wanda ya ɗauko mu wani abokin Nasiru ne, Malam Isiyaku, mutumin Haɗeja, direba a ɗaya daga ofisoshin jakadanci. Ƙato ne, in ya tsaya a ƙofa sai ya tare haske, ga shi da fara'a, kuma ya daɗe a can har Hausarsa ta yi aure da Larabci.

"Hajiya, yau akwai zahma a hanya, motoci sun cushe, amma mafi mushkila, ba damuwa. Ni dai tambayata ɗaya, an zo da kuka?"

"An zo da ita, har da man shanu," in ji Yaya.

"Wallahi in kafilina, mai gidana a wurin aiki, ya kore ni yau ban damu ba, muddin zan ci tuwo."

Tun daga ranar ya zama ɗan gida. Duk yammacin da Yaya ta ɗora tukunya sai ka ji sallamarsa, wai hanya ce ta biyo da shi.

Gidan su Saratu a unguwar Murabba yake, a saman bene. Ba tsakar gida, ba zaure, ba ka jin motsin kowa sai kukan na'urar sanyaya ɗaki. Kwana biyu Yaya ta ce wannan ba zama ba ne, a ce mutum bai san maƙwabcinsa ba. Ta zuba tuwo a kwano ta ja ni muka ƙwanƙwasa ƙofar da ke kallon tamu. Wata dattijuwar Balarabiya ta buɗe, ta yi mana maraba kamar ta shekara tana jiranmu. Ta kawo dabino da gahawa a wani ɗan kofi da bai fi murfin kwalba ba. Na kurɓe na miƙa mata, ta sake cikawa. Na ga rashin kunya ne in bar abin mutane, na shanye na miƙa, ta ƙara. Haka muka yi ta yi, ita tana mamakin cikina, ni ina mamakin nacinta, har hannuna ya fara rawa. Da kofin ya karkaɗa a hannuna sai ta karɓe ta ajiye. Ashe a wurinsu girgiza kofi shi ne "na ƙoshi". Saratu ta yi dariya har da riƙe bango da na ba ta labari.

Akwai abubuwan da suka yi kama da gida. Kabsa, wato shinkafarsu da nama, a ƙasa ake shimfiɗa leda a kewaye tire a sa hannu, ba ruwansu da cokali. Da Isiyaku ya bi da mu ta gefen maƙabartar Ud ya ce su ma kaburburansu ba gini ba ado, kamar namu. Kasuwar Batha kuwa in ka rufe ido ka ji ciniki da rantsuwa sai ka ce Kano kake. Abin da Yaya ba ta yafe musu ba shi ne jirgin ƙasansu na cikin gari. Mun shiga taragon gaba, ta leƙa ta ga ba direba. Ta ce a sauke ta. Nasiru ya yi ta bayanin na'ura, ta ce, "To in ya ƙwace, wa za a kama?"

Duk wannan yawon, zuciyata tana kan wasan. Saratu in ta dawo daga aiki sai ta shiga kicin tana yanka albasa tana bitar baitocinta. Turancina na tsohuwar malamar firamare bai kamo duka ba, amma kunne ya san waƙa. Maganar tana tafiya da ƙafa, ɗaya a ƙasa ɗaya a sama, kamar mata biyu na lugude a turmi guda. Yaya tana falo ta ba kicin baya, wai tana tsefe wa Ummi kai. Na lura matsefin yana bin luguden.

Saratu ta ba ni labarin sarauniyar. Tun tana cikin zanen goyo aka naɗa ta. Ta yi aure da ƙuruciya, mijin ya mutu, manyan ƙasarta suka juya mata baya. Ta gudu wurin 'yar'uwarta sarauniyar Ingila neman mafaka, ita kuwa ta kulle ta shekara da shekaru don tsoron kada ta ƙwace mata gadon sarauta.

"Daga ƙarshe fa?" na tambaya.

"Aka sare mata kai."

"A wasan ma?"

"A wasan ma, Yafendo. Zan durƙusa, a ɗaga gatari, sai a kashe fitila."

Na ce ta rufa mini asiri kada Yaya ta ji. Matar da muna yara ta taɓa zane ni don na kwanta na rufa da farin zane, wai ina yi wa kaina mugun fata, ita za a ce wa za a sare kan 'yarta don nishaɗi? Muna cikin haka Isiyaku ya leƙo neman ruwa, ya rage murya ya ce, "Malama, ni ne fa haunin. Girman jiki aka duba, ba na cewa uffan. Don Allah kada Hajiya ta sani, tuwona zai yanke."

Da na gaya wa Yaya akwai wasa, kuma an ajiye mata kujera, ko kallona ba ta yi ba. "Ni in je in zauna a gaban jama'a ina kallonta? Talatu, kin fara ruɗewa. Ki je ke da kika raine ta." Saratu tana bakin ƙofa ta ji. Ta juya ta koma kicin, kuma ranar ban ji lugude ba.

Wadda ta warware mana, ba da saninta ba, ita ce mai shirya wasan, Madam Fiyona, wata tsohuwar malamar makaranta 'yar Sukotlan, ƙarama, mai farin gashi da muryar soja. Ta kawo kayan da Saratu za ta sa, baƙar doguwar riga, da wata ja wur da ake sawa a ciki. Ta ce haka sarauniyar ta yi ranar ƙarshe, ta cire baƙi ta tsaya da ja. Saratu ta gwada jar, ta zauna mata kamar buhu. Yaya, wadda ta yi rabin rayuwarta a kan keken ɗinki, ta saci kallo ta yi tsaki.

"Wane maƙiyin Allah ne ya yi wannan ɗinkin? Talatu, karɓo mini rigar."

Ba ta auna kowa ba. Ta farke ta, ta zauna da zare da allura yini guda. Da Saratu ta sake sawa sai ka ce a jikinta aka saƙa ta. Ranar Asabar da za a yi wasan, ina ɗaura ɗankwali sai na ga Yaya ta fito da mayafinta na zuwa biki. Ta ce, "Zan je in ga ko ɗinkin ya zauna. Ba wani abu ba."

Unguwar ofisoshin jakadanci gari ce a cikin gari. Sai an tsaya a ƙofa masu gadi sun duba takardu sun leƙa bayan mota. Ciki kuwa itatuwa da shiru, ko akuya guda babu. Bayan la'asar muka shiga zauren, ya cika da Turawa da Larabawa da Indiyawa da 'yan Filifin, can baya kuma 'yan Najeriya abokan aikin su Saratu, da ka ji hayaniya ka san inda suke. Nasiru ya ja mana kunne cewa a nan ba a guɗa, ba a liƙi, ba a magana, ko tari sai ka nemi wuri. Na ce to wannan wasa ne ko zaman makoki?

Muka zauna a layin gaba. Yaya ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta karkata gefe, ta sa ido a kan carbinta. Aka buɗe labule. Saratu ta fito cikin baƙar riga, kai a sama, tana taku ɗai-ɗai. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Yarinyar da na yi wa wanka a baho! Na ga idonta ya sauko kan kujerunmu, ya tarar da uwarta tana kallon ƙasa. Muryarta ta ɗan girgiza, sannan ta daure ta ci gaba. Ni kuwa tausayi ya cika ni, na ji kamar in kama kan Yaya in ɗaga da hannuna.

Sai na shiga yi mata fassara a kunne. Na ce ga 'yar'uwar da ta kulle ta nan, wata doguwar 'yar Labanan da aka shafe wa fuska da farar hoda. Yaya ta leƙa ta gefen mayafi ta ce, "Wannan ba idon zumunci ba ne." Can ta ce, "Me ta ce mata?" Na faɗa. "Ita kuma 'yarki ta yi shiru?" Na ce a'a, cewa ta yi an ƙwace mata ƙasa da ɗa da lafiyar jiki, amma ba wanda ya isa ya ƙwace mata abin da aka haife ta da shi. Yaya ta ce, "Yauwa." Carbi ya tsaya. Amma har yanzu kowa take kallo a dandalin ban da mutum ɗaya.

Aka zo ƙarshe. Kuyangi biyu suna kuka suka zare wa sarauniya baƙar rigar, jar ta bayyana a cikin fitila, zauren gaba ɗaya ya ja numfashi. Yaya ta ce a hankali, "Ɗinkin ya zauna," idonta a kan kalmasar ƙasa. Sai aka kawo wani gungume aka ajiye. Aka ɗaure wa Saratu ido da farin ƙyalle. Wani ƙato ya fito da baƙar hula da ta rufe masa fuska, riƙe da gatari.

"Talatu, me za su yi?"

"Wasa ne, Yaya."

"Na ce me za su yi mata?"

Saratu ta durƙusa, ta laluba gungumen da hannu, ta ɗora wuyanta. Ƙaton ya gyara tsayuwa ya ɗaga gatari sama.

Ban san lokacin da Yaya ta miƙe ba. Mayafi ya zame, carbi ya faɗi. Da muryar da take kiran awaki daga bayan gari ta ce, "Saratu!"

Tun da aka haifi yarinyar nan ban taɓa jin sunan a bakin Yaya ba. Ita ma ba ta taɓa ji ba. Sarauniyar Sukotlan, ido a ɗaure, wuya a kan gungume, ta ɗago kai ta juyo wajen muryar, ta ce da Hausa, da 'yar ƙaramar murya kamar ta yarinya, "Na'am."

"Tashi daga nan! Kai kuma Isiyaku, ka ɗauka ban gane ƙafafunka ba? Tuwon nawa ka ci ka yi ƙarfin ɗaga mata gatari?"

Hauni ya sauke hannu, ya ce daga cikin hula, "Hajiya, wallahil azim na kwali ne."

'Yan Najeriyar da ke baya suka fashe da dariya, wata ta manta da dokar Nasiru ta rangaɗa guɗa. Turawa suna ta waige-waige. Ni ban ga sauran ba sosai, don hawaye sun rufe mini ido. Abin da na gani shi ne Saratu ta kai hannu ta janye ƙyallen daga fuskarta. Yaya tana tsaye a gabanta, ba mayafi, ba gilashin ƙofa, tana kallonta ido cikin ido, kuma ba ta kau da kai ba. Sai aka kashe fitila, tafi ya ɓarke kamar ruwan sama a kan kwano.

Da aka tashi na so in sulale, don na tabbata Madam Fiyona za ta cinye mu ɗanye. Sai ga ta ta nufo mu. Nasiru ya tare ta yana ba da haƙuri, yana yi mata bayanin alkunyar ɗan fari. Ta saurara har ya gama, ta cire tabarau ta goge ido. Ta kama hannun Yaya ta yi magana, Nasiru ya fassara. Wai ta ce tun tana yarinya take jin labarin sarauniyarsu, kuma abin da ya fi ba ta tausayi shi ne ranar nan ba wanda ya zo ya tsaya mata, har ɗan da ta haifa. Yau ce rana ta farko da ta ga an tashi an kira ta.

Yaya ta mayar da mayafinta ta ce, "Ka ce mata na gode. Amma ta daina ba 'ya'yan mutane irin wannan wasan."

A mota Isiyaku ya yi ta rantsuwa cewa daga yau ya ajiye aikin hauni. Da na tsokani Yaya washegari, cewa ta yi tsoro ne ya sa bakinta ya suɓuce, kuma in na ƙara tayar da zancen za ta bar ni a Addis Ababa in ci abincin tsami. Har muka baro ƙasar ba ta sake kiran sunan ba. A filin jirgi ma da Saratu ta durƙusa yin sallama, ni ta kalla ta ce, "Ki ce wa 'yarki ta riƙa cin abinci, ta rame." Muciyar dai ta bar mata.

Yaya ba ta karatun boko, ku kuma kada wadda ta karanta mata abin da zan faɗa yanzu. A da, in Saratu ta bugo waya, Yaya aikowa take a kira ni in amsa, ita tana gefe tana tankaɗe tana saurare. Juma'ar da ta wuce na kai mata dambu. Na tarar da ƙofar ɗakinta a saye, abin da ba ta saba yi da rana ba. Har na buɗe baki zan yi sallama sai na ji muryarta ƙasa-ƙasa, kamar mai tsoron kada bango ya ji. Ta buɗe muryar wayar don kunnenta ya fara nauyi.

"Saratu."

"Na'am, Yaya."

"Ba komai. Kin ci abinci?"

Na cire takalmina na riƙe a hannu, na juya da kwanon dambuna na koma gida.